Dattijon Rasha da Shirun da Na Yi Gaban Inna Delu

Tun da na dawo daga Umra ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo shago sai ya zauna a benci ya ce, "To Malam Sule, ba mu labari." In na fara, wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Alhaji Garba mai yadi kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai da gaske ne na shiga fim ɗin Turawa a Makka. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A firamare na tsaya, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ibada ce ta kai ni, amma akwai saƙo a kaina wanda ya fi jakata nauyi. Mahaifiyata, wadda muke kira Mama, tana goye iyayenta suka tashi zuwa Hajji a ƙafa. Baƙon dauro ya kama ta ana gab da tafiya, kakarta ta ce ba inda za a kai mata jika a haka. Aka bar ta a Dambatta, aka tafi da yayarta Delu. Uwarsu ta rasu a hanya, ubansu ya isa Makka da Delu, bai sake dawowa ba. Inna Delu a can ta girma, ta yi aure, ta tara jikoki. Sukan gaisa da Mama a waya, amma gaisuwa ce kawai, ina gajiya, ya yara. Safiyar da zan tafi Mama ta riƙe min hannu ta ce, "Ka tambayo min Yaya abu ɗaya. Ko uwarmu ta taɓa ambato na a hanya. Kada ka dawo min ba amsa."

Tun daga ƙofar gida na fara lissafi. In Inna ta ce ba ta taɓa ba, me zan faɗa wa Mama? In na ƙara gishiri, na yi ƙarya ke nan da sunan Makka. Da wannan tunanin na shiga mota.

Daga Dambatta zuwa Kano ban bar aljihuna ya huta ba, ina ta taɓa fasfo. Har direba ya ce, "Baba, ko ka ba ni in riƙe maka ne, kar ka goge hoton da hannu." A filin jirgi na ɗaura harami tun kafin a kira mu, don tsoron kada barci ya ɗauke ni a wuce miƙati. Ban san jirgi yana da sanyi haka ba. Na yi ta rawar ɗari cikin ƙyalle biyu, ga bargo an miƙo min amma ina shakkar ko ɗinkin gefensa zai ɓata min harami. Daga nan idona ya faɗa kan ɗamarata, na ga ita ma da ɗinki, layi biyu, aikin keke. Na taɓa wani mutumin Gombe da ke kusa da ni na nuna masa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ɗamara ba riga ba ce. Ka rufa da bargon nan kar ka mutu kafin Jidda." Na rufa, amma da muka sauka sai da na sake tambayar malamin ayarinmu, ya faɗi abin da mutumin Gombe ya faɗa.

A Jidda aka ce kowa ya ɗora yatsu a kan wani gilashi. Nawa suka ƙi fitowa. Shekara da shekaru allura tana cin yatsun nan, zanen duk ya shafe. Jami'in ya goge gilashin, ya sake danna min hannu, shiru. Na ce shi ke nan, daga nan za a mayar da ni, ga layi a bayana ana tsaki. Sai ya juya tafin hannuna ya duba, ya kwaikwayi ɗinki da yatsunsa yana murmushi. Na gyaɗa kai. Ya shafa min wani mai, ya gwada ɗan ƙaramin yatsa, ya kama.

Masaukinmu a Jarwal yake, tsohuwar unguwa ce kusa da Harami, benaye a cushe da alhazai. Mu huɗu ne a ɗaki, kuma rigimarmu ɗaya ce, na'urar sanyi. Biyu suna so a ƙure ta, ni da wani tsoho muna so a kashe. Umra kuwa na yi ta, alhamdu lillahi. Ba zan iya kwatanta ganin Ka'aba ba, don haka ba zan gwada ba. Abin da zan faɗa shi ne, wasiwasin ko na cika ɗawafi bai bar ni ba sai da abokan tafiya biyu suka shaida min.

Abincinsu na safe wake ne da aka dama kamar kunu, suna ce masa ful, ana ci da gurasa mai faɗi. Shayi ba madara, sai ganyen na'ana'a. Shinkafa kuwa ana zubo wa mutum ɗaya abin da zai ishi gidana. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu ce. Mu nan sai an tambayi gida da gajiya da sanyi da kasuwa. Can mai shago zai amsa sallama yana miƙo maka canji, ya riga ya juya ga na bayanka. Kwana biyu ina zaton na yi musu wani laifi.

Babban ɗan Inna Delu, Abdurrahim, shi ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansu a Rusaifa. Sa'ana ne, yana da shagon gyaran na'urorin sanyi. Hausarsa rabi Larabci ce. "Yalla ɗan'uwa, shiga sayyara, uwa tana jira tun subahi." 'Ya'yansa kuwa ban da "sannu" ba abin da suka iya.

Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, bakinta da idonta irin na Mama sak. Ta sa na zauna kusa, ta tambayi mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba. Sannan ta ba ni labarin tafiyarsu, yadda suka bi ta Maiduguri, suka ratsa Chadi, suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga don neman guzuri. Ina ta "Allah sarki", ina "ikon Allah", kaina a ƙasa kamar yadda aka koya mana. Da ta kai ƙarshe na yi ta maza na ce, "Inna, Mama ta ce in tambaya, ko marigayiya takan ambace ta a hanya." Ta ce, "Allah ya ji ƙanta, mace ce mai haƙuri. Ya Abdurrahim, ina shayin baƙo?" Da na koma karo na biyu, labarin bai canja ko kalma ɗaya ba, amsar ma haka. Abdurrahim ya ce min a mota, "Haka take, wallah. Tun muna yara ƙissa ɗaya ce, na haddace ta." Ga kwanakin bizata suna ƙarewa. Abinci ya daina shiga min.

A wannan halin na haɗu da dattijon. A zauren masauki nake ganinsa, fari tas, dogo, gashin kansa kamar auduga. Farkon ganinsa na ce a raina, wannan Baturen ta ina ya shigo Makka? Da na gan shi a sahu yana sallah har da hawaye, na yi ta istigfari kan zaton da na yi. Wata rana na lura aljihun jallabiyarsa ya farke yana reto. Ni kuwa ba na iya ganin ɓarakar ɗinki in kau da kai. Na ciro allura da zare daga hulata, na nuna masa aljihun. Ya zauna na ɗinke masa a jikinsa. Duk tsawon aikin bai kalli fuskata ba, hannuna yake kallo, har na tsargu ko na yi wani abin da ba a yi a ƙasarsu.

Muna haka Abdurrahim ya iso. Dattijon yana jin Larabci kaɗan-kaɗan, sai suka kama hira, Abdurrahim yana juya min. Sunansa Ildar, mutumin Rasha ne, daga wata ƙabila ta Musulmi da ake kira Tatar. Ni ban taɓa sanin akwai Musulmi a Rasha ba. Aikinsa ba da umarni a fim, abin da yaranmu ke kira darakta. Da na ji haka na ce a raina, ashe ɗan fim na yi wa ɗinki a Makka.

Muka je shan shayi, ya ba mu tarihinsa. Ya ce yana saurayi gwamnatinsu ta lokacin ba ta son addini, kuma duk mai yin fim ma'aikacinta ne. Aikinsa na farko shi ne zuwa masana'antu da gonaki, a tsayar da mutane gaban kyamara, a ba su abin da za su faɗa, su faɗa suna murmushi. Daga baya ya yi finafinai na labari, da 'yan wasa, har aka san shi. Akwai wanda aka kulle shekaru ba a nuna ba, saboda an ga leɓen wata tsohuwa yana motsi a ciki, aka ce addu'a take yi. Na tambaya, "To addu'ar take yi?" Ya yi dariya ya ce, ƙwarai kuwa, kakarsa ce. Ya ce da girma ya zo masa sai ya gaji da gaya wa mutane abin da za su ce. Ya sallami 'yan wasa, ya koma bin ƙauyuka da ƙaramar kyamara yana ɗaukar tsofaffi suna magana. Sallah ma da furfurarsa ya koya. Wannan ne zuwansa Makka na farko, kuma kakansa ya mutu da burin zuwa.

Abdurrahim ya ce masa ai uwarsa da ƙafa ta zo daga Najeriya. Dattijon ya ajiye kofi. Ya tambaya ko za ta yarda ya ɗauke ta. Ni na fara cewa a'a a raina. Hoto, na mace, a garin Makka, kuma ta dalilina. Kafin la'asar na sami malamin ayarinmu na tambaye shi. Ya ce, "Malam Sule, kai ba ka da hoto a fasfo? In tsohuwa ta yarda, ɗanta ya yarda, an kiyaye sutura, ka bar wahalar da kanka." Abdurrahim ya kafa sharaɗi, a cikin gida kawai, zama ɗaya, don uwa ba ta da ƙarfi, kuma ban da fuska. Ildar ya ce hannuwanta sun ishe shi.

Inna ce ta fi kowa sauƙi. Ta ce, "Rasha ina ne? Ta fi Sudan nisa?" Aka ce ta fi. Ta ce, "A ƙafa ya zo?" Aka ce a jirgi. Ta ce, "To ya zo ya ji yadda mutane suke zuwa."

Sai a mota, muna hanyar gidan Inna, dattijon ya faɗi ƙa'idar aikinsa. Ba ya so a fassara masa komai sai an gama. Tsoho ba ya magana da kyamara, da mutum yake magana, don haka dole wanda ke jin harshenta sosai ya zauna gabanta. Ni ke nan. Kuma wanda ya zauna zai dube ta a fuska, ba zai ce uffan ba. Ko ta yi shiru, ko ta tambaye shi, ba zai amsa ba, sai shi Ildar ya sauke hannu.

Na ce wa Abdurrahim, "Gaya masa ba a yin haka a wurinmu. Babba yana magana ka zura masa ido, ka ƙi cewa ko na'am? Ai sai a ce ba ka da tarbiyya." Ya gaya masa. Dattijon ya ce a ƙauyensu ma haka ne, ya sani. Amma ya lura duk lokacin da mai sauraro ya amsa, kamar ya ce wa tsoho ne ya isa haka, wuce gaba. Na faɗa masa saƙon Mama, na ce ko in yi tambayar a gaban kyamara. Ya girgiza kai. Ya ce na riga na tambaya sau biyu, ba ta manta ba.

Da hantsi muka zauna a falonta. Ya kafa kyamarar a bayan kafaɗata, ta kalli cinyarta inda hannuwanta suke da carbi. Ya ɗaga hannu. Inna ta fara daga Maiduguri kamar kullum. Ba ta yi nisa ba "Allah sarki" ya kuɓuce min. Dattijon bai tsayar ba, yatsa ɗaya kawai ya ɗora min a kafaɗa. Na cije leɓe. Na ɗaga ido na dube ta, abin da ban taɓa yi wa Mama ba tun da na yi wayo.

Ta ratsa Chadi, ta shiga Sudan, tana ɗan dakatawa a wuraren da aka saba amsa mata. Ba amsa. Ta kai ƙarshe, inda takan ce suka hau jirgin ruwa suka iso lafiya. Ta yi shiru. Na saci kallon hannun dattijon, yana sama.

"Na gama," in ji ta.

Na ci gaba da kallonta.

"Sule, an ɗinke maka baki ne? Ko Baturen ya saye ka?"

Abdurrahim ya yi 'yar dariya daga bakin ƙofa. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina, na zo Umra neman lada, ga ni ina wulaƙanta yayar uwata. Saura kaɗan in ce "Ki yi haƙuri Inna" in tashi. Abin da ya riƙe ni, na san in na tashi yau, hannu rabbana zan koma wa Mama.

Ta daɗe tana kallona. Carbin ya tsaya. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Idon nan naka na Hanne ne." Hanne sunan Mama ke nan.

"Uwarmu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ko sau ɗaya. In Baba ya fara zancen, sai ta tashi ta fita. To amma ka san abin da take yi? Duk inda muka sauka, in ta tuƙa tuwo, mu uku ne, sai ta kasa huɗu. Na huɗun ɗan ƙarami, a wata 'yar ƙwarya. Ta fita da shi ta nemi yarinya ƙarama, ko 'yar waye, ko ba ta jin harshenmu, ta zaunar da ita ta ba ta a baki. Da farko jarirai take nema, ta ba su kunu. Da shekara ta juya sai ta koma masu tatata. Kana gani, tana bin girman Hanne."

Ta juya carbin a hannu.

"Akwai lokacin da abinci ya yanke mana a gonar auduga. Ni yunwa, Baba yunwa. Ta kasa huɗu. Na yi kuka na ce a ba ni na ƙwaryar, ta ƙi. Na yi fushi da ita, na yi fushi da Hanne da ban ma tuna fuskarta ba. Ni yarinya ce, me na sani. A garin Sawakin ciwo ya kwantar da uwarmu, bakin teku, muna jiran jirgi. Da ta kasa tashi, ni ta riƙa aika da ƙwaryar. Can aka binne ta."

Ta yi shiru. Wannan karon shirun bai dame ni ba, don ko an ce in yi magana ba zan iya ba. Can dattijon ya sauke hannu.

Na durƙusa na ce, "Inna ki gafarce ni, umarni aka ba ni." Ta ce, "Tashi ka ba ni ruwa, ka bushe min maƙogwaro da kallo." Abdurrahim yana tsaye bakin ƙofa, ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce, "Ya ummi, shekara hamsin ban taɓa jin wannan ba." Ta ce, "Kai kana bari a gama magana ne?"

Sai a lokacin Ildar ya nemi fassara. Abdurrahim ya juya masa da Larabci, yana tsayawa yana tambayata wasu kalmomin. Dattijon ya saurara, ya dafa ƙirji ya rusuna wa Inna. Ya tambaya ko ta yarda ya sa a cikin fim. Ta ce ba yanzu ba, sai bayan ranta, kuma ya tabbata an rubuta Dambatta daidai. Ya sa Abdurrahim ya rubuta masa. Kafin in bar Makka aka zuba min hoton a waya. Don haka Alhaji Garba, amsarka ke nan. In fim ɗin ya taɓa fitowa, abin da za a gani nawa shi ne gefen kafaɗa da kunne ɗaya.

Mun yi sallama da dattijon a ƙofar masauki ranar da motarmu za ta Jidda. Ba Abdurrahim a kusa, don haka ba mai fassara. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi min addu'a da harshensu, na yi masa da Hausa, kowa ya ce amin. A jirgi ban damu da fasfo ba, wayar nake ta taɓawa, ina tsoron kada ta faɗi ko hoton ya goge. Na kashe ta gaba ɗaya, na naɗe a cikin hula.

Na isa Dambatta da azahar, gida cike da 'yan sannu da zuwa. Mama ba ta tambaye ni komai ba sai da aka watse, aka raba dabino da zamzam. Bayan la'asar na shiga ɗakinta, na zauna a bakin tabarma, na kunna na miƙa mata. Ta kai wayar kusa da ido tana kallon hannuwan yayarta. Da aka zo inda Inna ta ce an ɗinke min baki, ta harare ni ta ce, "Haka na koya maka?" Na ce ta dai ci gaba da ji.

Ta ji har ƙarshe. Ta ajiye wayar a cinya, ta daɗe tana kallon ƙofa. Ina ta tunanin ko in kira matata, ko na yi kuskure da ban fara shirya ta ba, ga ta da hawan jini. Sai ta ce, "Har Sudan?"

Na ce, "Har bakin teku, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ashe duk tsawon hanyar nan ana ba ni abinci, ni ban sani ba."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce in kira mata Yaya a waya, in fita in ja ƙofa.